Von Recklinghausen: likitan da ya fara bayyana ƙari a zuciyar jarirai

Friedrich Daniel von Recklinghausen na ɗaya daga cikin mashahuran likitocin da ƙasar Jamus ta samar a ƙarni na 19, kuma shi ne ya fara bayyana wani ƙari da ba kasafai ake samunsa ba, wanda ke tsirowa a tsokar zuciyar jarirai.

An haife shi ne ranar 2 ga watan Disamba na shekarar 1833 a garin Gütersloh da ke yammacin Jamus. Ya yi karatun likita a jami'o'in Bonn da Würzburg da kuma Berlin, inda ya sami digirinsa a 1855. Daga 1858 zuwa 1864 ya yi aiki a ƙarƙashin shahararren malamin nan Rudolf Virchow, wanda ya horar da shi a fannin binciken gawa domin gano irin ɓarnar da cuta ta yi wa sassan jiki.

A wannan lokaci ne, cikin watan Maris na 1862, ya gabatar wa ƙungiyar likitocin haihuwa ta Berlin zuciyar wani jariri da ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa. A cikinta akwai ƙulle-ƙullen tsoka da dama, ɗaya daga cikinsu ya kai girman ƙwan tattabara. Likitan bai tsaya kan zuciyar kaɗai ba, ya kuma rubuta cewa ya ga wurare masu yawa da suka taurare a ƙwaƙwalwar jaririn. Bayanin nasa taƙaitacce ne, amma shi ne ya fara haɗa waɗannan alamu biyu a jiki guda.

Sai a 1880 wani likitan Faransa, Désiré-Magloire Bourneville, ya yi cikakken bayanin taurarewar ƙwaƙwalwar a jikin wata yarinya mai farfaɗiya. Daga baya aka fahimci cewa cuta ɗaya ce mai nasaba da ƙwayoyin halittar gado, wadda kan shafi zuciya da ƙwaƙwalwa da fata da ƙoda. A shekarun 1993 da 1997 masana suka gano ƙwayoyin halitta biyun da ke haddasa ta.

A yau an san cewa wannan ƙari, da likitoci ke kira rabdomayoma, shi ne ya fi yawa a cikin ƙarin zuciyar jarirai, kuma ba ciwon daji ba ne. Akan iya hango shi da na'urar ɗaukar hoton ciki tun kafin haihuwa, kuma sau da yawa yakan motse da kansa yayin da yaro ke girma. Haɗarinsa shi ne idan ya toshe hanyar jini ko ya rikita bugun zuciya, inda akan nemi tiyata ko magungunan da ke rage girmansa. Da zarar an gan shi kuwa, likitoci kan duba ƙwaƙwalwar yaron, domin kama farfaɗiya da wuri.

Shi kuwa von Recklinghausen, ya koyar a jami'o'in Königsberg da Würzburg, kafin a 1872 ya koma Strasbourg, wadda a lokacin take hannun Jamus, inda ya yi shekaru sama da 30 yana koyarwa. A 1882 ya wallafa bincikensa kan wata cuta mai fitar da ƙulle-ƙulle a fata da jijiyoyi, wadda har yanzu ake kira da sunansa. Ya rasu a Strasbourg ranar 26 ga watan Agusta na 1910, yana da shekaru 76 a duniya, kuma a shekarar ce aka buga littafinsa na ƙarshe a kan cututtukan laushin ƙashi.