Annabi Isa Ɗan Maryam (AS): Malamin Yahudawa Ne Ko Manzon Allah?

 'Ya'yanmu ɗalibai na 220 Logements da sauran unguwannin Adjamé da Treichville suna zama aji ɗaya da 'ya'yan maƙwabtanmu Kiristoci, kuma sukan ji ana cewa Annabi Isa (AS) rabbi ne, wato malamin Yahudawa. Wani yaron ya fusata ya faɗi maganar da za ta taɓa imaninsa, wani kuma ya karɓa ba bincike. Maganin duka biyun shi ne sanin tarihin wannan bawan Allah.

Mahaifiyarsa Nana Maryam 'yar Imrana ce, daga Bani Isra'ila. Tun tana ciki mahaifiyarta ta yi bakancen sadaukar da ita ga hidimar Baitul Maƙdis, kuma Annabi Zakariyya (AS) ne ya riƙe ta. Allah ya ba ta ɗa ba tare da namiji ya taɓa ta ba, ta haife shi a gindin dabino. Da mutanenta suka tuhume ta, jaririn ya yi magana yana cikin tsumman goyo, ya wanke ta. Wannan yana cikin Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam.

Masana tarihi suna sanya haihuwarsa a ƙarshen mulkin Sarki Hirudus, wanda ya mutu shekara 4 kafin farkon lissafin miladiyya. Ƙasar Falasɗinu a lokacin tana hannun Rumawa. Ya tashi a garin Nasira a yankin Galili, yana magana da harshen Aramiyanci irin na mutanensa. Da ya kai wajen shekara 30 sai ya fara kira, yana zagaya ƙauyuka da wuraren ibadar Yahudawa, yana gaskata Attaura, yana halatta musu wasu abubuwan da aka haramta musu. Ya warkar da wanda aka haifa makaho da mai albaras, ya rayar da matattu, duk da izinin Allah. Hawariyawa suka bi shi, manyan Baitul Maƙdis kuwa suka ƙulla masa makirci a zamanin gwamnan Rumawa Bilatus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Kiristoci sun yi imani cewa an gicciye shi ya kuma tashi. Mu kuwa Suratun Nisa'i ta tabbatar mana ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Mun kuma yi imani cewa zai sauko a ƙarshen zamani ya kashe Dujal.

To, ina maganar rabbi ta samo asali? Da farko a lura, kalmar ba ita ce ta Larabci da muke kiran Ubangiji da ita a addu'a ba, ko da yake tushensu ɗaya. A Ibrananci ma'anarta babbana ko malamina, kamar yadda almajiri yake kiran malaminsa. Littattafan da ke hannun Kiristoci, na Markus da Matiyu da Yohanna, sun nuna mutane suna kiransa da ita, kuma a na Yohanna an kira Annabi Yahaya (AS) ma da ita. Ashe ke nan girmamawa ce ta malanta, ba ta allantaka ba.

Amma rabbi a matsayin muƙami, wanda ake naɗa mutum a kai bayan ya yi karatu an ba shi ijaza, bai kafu ba sai bayan da Rumawa suka rushe ɗakin ibadar Ƙudus a shekara ta 70, malamansu suka koma garin Yabne ƙarƙashin Yohanan ɗan Zakkai. Littafin fiƙihunsu na Mishna ma sai wajen shekara ta 200 aka tattara shi. Manazartan Turai irin su Geza Vermes na Jami'ar Oxford, wanda littafinsa kan wannan batu ya fito a 1973, sun yi daidai da suka mayar da shi cikin al'ummarsa da zamaninsa. Sai dai ma'aunin tarihi ba ya auna wahayi.

Alƙur'ani ya san malaman Yahudawa, ya ambace su a Suratul Ma'ida da sunan Ahbar da Rabbaniyyun, kuma sahabi Abdullahi ɗan Salam (RA) daga cikinsu ya fito. Bai taɓa lissafa Isa a cikinsu ba. Malami daga malami yake ɗauko ilimi. Isa kuwa Allah ne ya sanar da shi Attaura da Linjila, ya sanya shi cikin Ulul Azmi biyar.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, idan an tambaye ka, ka amsa cikin ladabi: ta wajen dangi ɗan Bani Isra'ila ne, ya kuma karantar da su, amma darajarsa ta manzanci ce. Kada zafin gardama ya sa ka muzanta shi, domin imanin Musulmi ba ya inganta sai da imani da shi. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya cika mu da imani. Amin.