Tomas Kol, Mai Zanen Hoto

An haifi Tomas Kol a Ingila a 1801. Yana saurayi iyayensa suka ƙaura da shi Amurka. Can ya gwanance wajen zana duwatsu da dazuzzuka, kuma yawan saran itatuwa ya dame shi ƙwarai.

A 1836 ya gama waɗansu hotuna biyar, duk na wuri guda. Da fari ƙungurmin daji ne, sa'an nan makiyaya suka zauna. Wurin ya zama ƙasaitaccen birni, har abokan gāba suka cinna masa wuta. A hoto na biyar sai kufai, tsuntsu ya yi sheƙa bisa ginshiƙi. Amma akwai wani dutse, a kowane hoto yana nan bai gusa ba.

Kol ya rasu a 1848.