JACK FOSTER (1932-2004): MAHAYIN KEKEN DA YA ZAMA GWARZON GUDUN FANFALAKI

Gabatarwa

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, tsere ne na kilomita 42 da mita 195. Galibin mutane sun ɗauka cewa ba mai yin fice a cikinsa sai wanda ya fara tun yana yaro, kuma yake gudu safe da yamma ba fashi. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan rayuwar wani bawan Allah da ya saɓa wa wannan fahimta, wato Jack Foster na ƙasar New Zealand.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Jack Foster a birnin Liverpool na ƙasar Ingila a ranar 23 ga watan Mayu, 1932. Wasan da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne hawan keke, kuma ya shafe shekarun samartakarsa yana yawo da tsere a kansa. Yana da shekara 24 ya yi ƙaura zuwa New Zealand, inda daga baya ya zauna a garin Rotorua yana aikin akawu a ma'aikatar ayyuka. Hidimar iyali da ta aiki suka sa ya jingine keken na wasu shekaru.

Yadda Ya Fara Gudu

Sai da ya kai shekara 32, lokacin da wasu 'yan tsere ke shirin yin ritaya, sannan ya gwada gudu. A ranar farko ya dawo gida yana haki, a zatonsa ya daɗe ƙwarai, ashe minti bakwai kawai ya yi. Wannan abu ya ba shi kunya, amma bai sa ya karaya ba. Ya ci gaba da fita yau, gobe ya huta, har jikinsa ya saba. Da ma Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa.

Salon Atisayensa

A wancan zamani maganar shahararren mai horarwa Arthur Lydiard ce ke tashe a New Zealand. Shi kuwa yana sa ɗalibansa su yi gudun mil 100 a mako, kimanin kilomita 160 ke nan. Foster bai bi wannan hanya ba. Da wuya gudunsa ya wuce mil 70 a mako, kuma sau ɗaya yake fita a rana, bayan ya taso daga aiki. Maimakon kwalta, ya fi son tsaunuka da makiyayar tumaki da ke kewaye da Rotorua, yana hawa yana gangara. Ko kalmar atisaye ma ba ya son a yi masa amfani da ita, domin a wurinsa gudu shaƙatawa ne.

Da shekaru suka ƙara ja, sai ya rage gudun zuwa kamar sau uku a mako, ya cike sauran ranakun da hawan keke. Hikimar da ke ciki a fili take. Duk takun da mai gudu ya yi, gwiwa da idon sawu da jijiyoyi ne ke ɗaukar nauyin jikinsa, kuma yawan wannan bugu shi ke jawo rauni. Keke kuwa yana sa zuciya da huhu aiki sosai ba tare da ƙafa ta bugi ƙasa ba. Ke nan gaɓoɓi na hutawa, numfashi kuma bai ragu ba. Sai dai a lura: ranakun gudun nasa ba na wasa ba ne, kuma shekarun da ya yi a kan keke tun yana saurayi su ne harsashin da ya ɗora komai a kai.

Nasarorinsa

A shekarar 1971 ya kafa tarihin duniya a gudun mil 20 na cikin fili. A gasar Olamfik ta 1972 a birnin Munich na Jamus ya zo na takwas, yana da shekara 40. Babbar bajintarsa ita ce ta 1974, a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Christchurch. A nan ya zo na biyu bayan Ian Thompson na Ingila, cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 19, alhali yana da shekara 41. Ba a sami wani ɗan sama da shekara 40 da ya karya wannan tarihi ba sai a 1990, lokacin da ɗan ƙasarsu John Campbell ya yi hakan a Boston. Haka kuma ya lashe tseren Honolulu a 1975, ya zo na 17 a Olamfik ta Montreal a 1976. A 1982, yana da shekara 50, ya kammala gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 20 da daƙiƙa 28.

Rasuwarsa

Keken da ya fara da shi, a kansa ya ƙare. A ranar 5 ga watan Yuni, 2004, mota ta buge shi yana tuƙa keke a kusa da Rotorua, nan rai ya yi halinsa yana da shekara 72.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa yawan gudu ba shi kaɗai ne ke yin gwani ba. Wanda karatu ko aiki ya hana shi fita kullum, ko wanda ke ganin ya makara, yana iya duba akawun nan da ya fara da minti bakwai, ya kuma karɓi lambar azurfa kafin a cika shekara goma.