Oumarou Ganda: ɗan dakon Abijan da ya zama tauraron fim na Nijar

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon wasa a Yamai ya san cibiyar al'adu ta CCOG. Amma matasa da yawa sun fi sanin ginin fiye da mutumin da aka sa wa wurin sunansa. Oumarou Ganda ɗan wasa ne da ya sa masu kallo daga Afirka har Turai suka ƙaunace shi, saboda abin da yake yi a gaban kyamara rayuwarsa ce ta gaske.

An haife shi a Yamai a 1935, cikin dangin Zabarmawa. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indoshin, yankin da Biyetnam take a yau. Da ya dawo gida bai sami aiki ba, sai ya bi sahun ƴan ci-rani zuwa Kodebuwa, ya kama dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan.

A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke bincike kan ƴan Nijar masu tafiya neman kuɗi bakin teku. Rouch ya ɗauke shi aikin tattara bayanai, daga baya ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. Ganda ya fito da laƙabin Edward G. Robinson, sunan wani tauraron Amurka, yana neman aikin yini a unguwar Treichville, yana mafarkin zama zakaran dambe, yana son yarinyar da ba shi da kuɗin riƙe ta.

Abin da ya ja hankalin jama'a shi ne muryarsa. An ɗauki hotunan ba tare da sauti ba, daga baya Ganda ya zauna yana kallonsu yana magana a kansu da bakinsa, wani lokaci da raha, wani lokaci da ɗacin rai. Kusa da ƙarshen fim ɗin, yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, sai ya shiga kwaikwayon yaƙin da ya gani: ya jefa gurneti, ya faɗi ƙasa, ya tashi ya ci gaba. Ba bindiga a hannunsa, ba kakin soja a jikinsa, amma mai kallo yana ganin fagen daga. Fim ɗin ya ci lambar Louis Delluc a Faransa, kuma Jean-Luc Godard na cikin waɗanda suka yabe shi sosai.

Da wani ne, da ya tsaya nan yana cin suna. Ganda ya koma Yamai, ya shiga ƙungiyar masu koyon sinima ta cibiyar al'adun Faransa da Nijar, ya koyi riƙe kyamara da kansa. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, da harshen Zabarmanci, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗi, abokai suka kewaye shi, kuɗin suka ƙare, kowa ya watse, har ya juya ya nufi gona. Shi ya tsara, shi ya fito a matsayin sojan. A 1969 an nuna shi a bikin Cannes, ya kuma sami lambar yabo a Mosko.

Daga nan ya taɓo abin da ake jin nauyin faɗa. Le Wazzou polygame ya nuna wani alhaji da ya dawo daga Makka ya auri budurwar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, auren da ya ƙare da zubar da jini. Wannan fim ne ya fara ɗaukar babbar lambar FESPACO, wato Étalon de Yennenga, a Wagadugu a 1972. Saïtane ya bi baya, kan malamin tsibbu mai cin amanar masu zuwa wurinsa, sannan L'Exilé a 1980. Zalika Souley, wadda ta yi fice cikin matan farko na sinimar Nijar, ta fito a finafinansa da dama.

Masoyansa sun riƙe shi ne don bai ɓoye inda ya fito ba. Soja, ɗan dako, marar aiki: duk ya ɗanɗana, duk ya sa a fim ba tare da kunya ba, kuma bai kyale masu fakewa da dukiya ko rawani ba.

Ya rasu ran 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45. Har yau FESPACO na ba da lambar Oumarou Ganda ga wanda ya fi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Abin da ya rage wa Nijar shi ne ta kai finafinansa gaban matasan Maraɗi, Damagaram da Tawa, su ga mutumin da idonsu.