Dakta Cicely Williams: likitar da ta saurari iyaye mata

Duk wanda ya san yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, ko a hoto ne, ya san yaran nan masu kumburarren ciki da jan gashi, ya kuma ji sunan cutar kwashiyoko. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan suna ba daga Turai ya zo ba. Kalma ce ta harshen Ga na mutanen Akara, kuma wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da ita littattafan likitanci.

An haife ta a Jamaika a 1893, ta yi karatun likita a Jami'ar Oxford ta Ingila, inda ta kammala a 1923. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta turo ta ƙasar da ake kira Gana a yau. A asibitin yara na Gimbiya Marie Louise da ke Akara ta riƙa ganin yara 'yan shekara 1 zuwa 4, ƙafafunsu sun kumbura, fatarsu tana saɓulewa, ga gudawa, ga yawan ƙorafi, kuma da yawansu ba sa tashi. Maimakon ta tsaya ga abin da littafi ya ce, sai ta tambayi iyaye mata da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa. Ashe sun daɗe da sanin ciwon, har sun raɗa masa suna mai nufin cutar da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda an yi masa ƙane. Mai karatu, wannan ba baƙon zance ba ne gare mu. Shi ne abin da kakanninmu mata suke tsoro idan mace ta yi kwanika.

Ta lura cewa abincin yaran bayan yaye bai wuce kunun masara ba, safe da yamma. Da ta ba su madara da man hantar kifi, sai wasu suka farfaɗo. Ta buga sakamakon a 1933, sannan a 1935 ta sake rubutu a mujallar Lancet da sunan kwashiyoko ƙarara, tana ganin ƙarancin sinadarin gina jiki ne sanadi. Manyan masana na Landan, musamman Dakta Hugh Stannus, suka ce ba ta gano komai ba, tsohuwar cutar pelagira ce kawai. A ganina, abin da ya fi ƙona musu rai shi ne ƙaramar ma'aikaciya, kuma mace, ta fifita sanin matan Akara a kan nasu. A 1936 aka ɗauke ta aka mayar Malaya.

A can ma ba ta yi shiru ba. Ta tarar kamfanonin madarar gwangwani suna sa wa 'yan talla farar rigar ma'aikatan jinya, suna bi gida-gida suna raba mata da shayarwa. Matar da ba ta da kuɗi sai ta tsinka madarar da ruwa marar tsabta, jariri ya kamu da gudawa. A 1939 ta yi wata lacca a Singafo mai taken Madara da Kisan Kai. Abin lura, ita ce ta yi wa yara magani da madarar gwangwani a Akara. Bambancin a wurinta shi ne magani ga yaro marar lafiya daban, raba jariri da nonon uwarsa don neman riba daban. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙa'idar tallan madarar jarirai, ƙasashe 118 suka amince, Amurka kaɗai ta ƙi.

Japanawa sun tsare ta daga 1942 zuwa 1945, har ita kanta ta kamu da beriberi, wata cutar ƙarancin abinci. A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a 1952 rahoton Brock da Autret ya tabbatar da cewa kwashiyoko ta bazu a sassan Afirka da dama.

Gaskiya ne bincikenta ya haifi wani kuskure da ba ita ta yi ba. Hukumomin duniya sun shafe shekaru suna zuba kuɗi wajen ƙirƙiro abinci mai sinadarin gina jiki, har Donald McLaren ya fito a 1974 ya nuna cewa yawancin yaran da ke fama da tamowa abincin ne gaba ɗaya ba ya isarsu. Yau masana suna duba rawar ƙwayoyin halittar hanji da yawan kamuwa da cututtuka. Sai dai alamun da ta bayyana a 1933 suna nan daram, kuma har gobe ma'aikacin lafiya a Maraɗi ko Katsina yakan danna yatsa a bayan ƙafar yaro ya ga ko wurin zai lotsa. Ta rasu a Oxford a 1992, tana da shekara 98.