Sarki Khama da Shanun Sarauta

Ƴan'uwa, ga labarin wani sarki Kirista na ƙasar da ake kira Botswana yau, can kudancin Afirka. Sunansa Khama, ɗan Sekgoma sarkin Bamangwato. An yi masa baftisma a shekarar 1860, yana saurayi. Ubansa ya matsa masa ya ƙara mata, ya kuma koma ga al'adun kakanni, amma ya ƙi. Rigima ta kai har uba da ɗa suka ja daga. A 1875 sarauta ta tabbata a hannunsa.

A ƙasar nan shanu su ne dukiya, su ne kuma linzamin mulki. Sarki yakan ba hakimi garke ya tsare masa. Hakimin ya sha nono, ya ciyar da gidansa, amma ko ɗan maraƙi ba nasa ba ne. Kada ku ɗauka irin habbanaye ne na makiyayanmu, inda mai riƙo yake samun ƴaƴan dabba. Ran da hakimi ya saɓa wa sarki, sai a kora shanun. Da wannan tsoro ake riƙe mutane.

Da Khama ya hau gado, sai ya saki wannan linzami. Ya sanar cewa shanun nan sun zama na masu riƙonsu, sarki ba shi da sauran hakki a kansu. Ni dai ban san sarakuna da yawa da suka yi haka ba. Ya kuma hana sayar da barasa a ƙasarsa, fataken Turawa da suka ƙi ji ya kore su.

Amma ƙasar jama'a bai sake ta ba. A 1895 aka ji Ingila za ta miƙa ƙasar ga kamfanin Cecil Rhodes, mai neman zinariya da gonaki. Khama da sarakuna biyu, Sebele da Bathoen, suka shiga jirgin ruwa har Ingila. Suka bi majami'u gari gari suna kai kuka, suka ga Sarauniya Victoria. A ƙarshe suka ba da wani yanki siriri domin hanyar jirgin ƙasa, sauran ƙasar kuwa ba ta shiga hannun kamfanin ba. Shanun fada ya iya kyauta da su. Ƙasa kuwa amana ce ta talakawa da jikokinsu.

Ba mala'ika ba ne. Yana da taurin kai, ba ya son a ja da shi. Ya ɓata da ƙannensa, ya ɓata da ɗansa na fari, har ɗan ya yi shekaru da dama a wajen gari kafin su shirya. Sakin shanu ya fi masa sauƙi a kan sakin fushi.

Ya rasu a 1923, ya haura shekara 80, aka binne shi kan dutsen Serowe. Jikansa Seretse Khama shi ya zama shugaban Botswana na farko a 1966.