Sandra Schmirler: Gwarzuwar Ƙanƙara da Ajali Ya Katse wa Hanzari

A ƙananan garuruwan Kanada, inda hunturu kan daskarar da ruwa tsawon watanni, filin wasan kalin shi ne dandalin jama'a. 'Yan wasa huɗu-huɗu ke karawa, suna tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan ƙanƙara zuwa tsakiyar wata da'ira, biyu na share gabansa da tsintsiya don ya ƙara nisa. Jagora ke tsara dabara, shi ne kuma yakan tura duwatsun ƙarshe. A wannan matsayi ne Sandra Schmirler ta yi suna.

An haife ta ranar 11 ga Yuni, 1963, a Biggar da ke lardin Saskachewan. Bayan ta kammala jami'a a fannin motsa jiki, ta koma birnin Regina, inda ta haɗa ƙungiya da Jan Betker da Joan McCusker da Marcia Gudereit. Tare suka ci kambun Kanada da na duniya a 1993 da 1994 da 1997.

A ƙarshen 1997, makonni kaɗan bayan ta haifi 'yarta ta fari, ta lashe gasar neman wakiltar ƙasarta. A Fabrairun 1998, a gasar Olamfik ta Nagano a Japan, karon farko da mata suka yi takarar lambar yabo a wannan wasa, ƙungiyarta ta doke Denmak da ci 7 da 5, ta ɗauki zinare.

Daɗin bai daɗe ba. A 1999, jim kaɗan bayan haihuwarta ta biyu, likitoci suka gano tana da ciwon daji. Duk da jinya, a Fabrairun 2000 ta tafi Moncton ta yi wa tashar talabijin ta CBC sharhi a gasar matasa ta ƙasa. A nan ne 'yan Kanada suka yi mata ganin ƙarshe. Ta rasu ranar 2 ga Maris, 2000, tana da shekara 36, aka kuma nuna jana'izarta kai tsaye a talabijin.

A 2001 aka kafa gidauniya da sunanta, wadda ke saya wa asibitocin Kanada na'urorin ceton bakwaini da jarirai marasa lafiya. Uwar da ba ta ga girman 'ya'yanta biyu ba, sunanta ne yau ke taimakon wasu iyaye su koma gida da nasu a goye.